Shagon turi mai finafinan tsoro na Italiya a Maraɗi: abin saye da abin dubawa

Kayan shagunan turi na Maraɗi kusan iri ɗaya ne duk inda ka shiga: finafinan Kano, Indiya-Hausa, dogayen shirye-shiryen Turkiyya da Koriya, wa'azi, sai kokowa. In ka tambayi na tsoro, na Amurka na kwanan nan za a tura maka, waɗanda duk dabararsu ba ta wuce a yi shiru sannan a buga ƙara a firgita mutum ba. A layin masu gyaran salula da ke gefen babbar kasuwa akwai wani ƙaramin shago da ya fita daban. Mai shi ya ware dosiye guda a kwamfutarsa ya tara finafinan tsoro da na binciken kisa na Italiya kimanin arba'in, mafi yawansu daga 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1980. Hukuncinmu a kansa shi ne ya cancanci a je, amma a je da ido a buɗe, domin irin waɗannan finafinai turi marar kyau na kashe su fiye da yadda yake kashe kowane irin fim.

Dalilin haka yana cikin yadda aka yi su. Fim ɗin Kano ko na Indiya magana ce ke ɗauke da shi; ko hoton ya dushe, muddin kana jin zancen, labari bai tsere maka ba. Na Italiya ido da kunne suka dogara da su: launi, faɗin hoto, inda aka ajiye kyamara, da kiɗa. Sau da yawa labarin siriri ne, wani lokaci ma bai haɗu ba. Ka rage launin, ka yanke gefen hoton, ka toshe kiɗan, to ba abin da ya saura sai jini da ihu, mai kallo kuma ya tashi yana cewa shirme ne. Don haka da wannan ma'aunin muka auna shagon: shin abin da ya sa fim ɗin ya yi suna yana isowa cikin kile ko memwar lafiya?

Tsofaffin cikin dosiyen na Mario Bava ne, kuma daga nan ya kamata sabon shiga ya fara. Bava mai ɗaukar hoto ne shekara da shekaru kafin ya zama darakta, shi ya sa ya san fitila fiye da yadda ya san ƴan wasa. La maschera del demonio na 1960 fari da baƙi ne. Yana buɗewa da hukuncin wata mayya, wadda Barbara Steele ta fito a matsayinta, ana buga mata abin rufe fuska mai ƙusoshi daga ciki. A Ingila sai 1968 aka yarda a nuna shi. Kwafin shagon yana da tsabta, baƙinsa baƙi ne ƙirin, ba toka-toka ba, kuma a fim irin wannan baƙin shi ne rabin aikin. Sai Sei donne per l'assassino na 1964, wanda ya kafa siffar da kowa ya bi daga baya: makashi da baƙar safar hannu, hula, doguwar riga, fuska a rufe da farin ƙyalle, yana bin ƴan matan wani gidan ɗinki na Roma ɗaya bayan ɗaya saboda wani littafin sirri. Irin wannan fim shi Italiyawa ke kira giallo, wato ɗorawa, sunan da ya samo asali daga littattafan binciken kisa masu ɗorawan bango da kamfanin Mondadori ya fara bugawa a 1929. Abin kallo a nan shi ne yadda ɗaki guda ke ɗauke da haske ja a kusurwa, shuɗi a bayan labule, kore a kan matattakala, ba tare da wata fitila a cikin labarin da za a ce ita ta kawo su ba. Bava bai damu da inda hasken ya fito ba; abin da ya dame shi shi ne me hasken zai sa ka ji. Kuma da ɗan kuɗi kaɗan ya yi wannan aiki.

Inda shagon ya fi burge mu shi ne faɗin hoto. Finafinan Dario Argento na farko an ɗauke su da faɗi ƙwarai, ma'aunin 2.35 a kan 1, wato faɗin ya ninka tsayin fiye da sau biyu. A tele ko salula dole ka ga baƙin layi mai kauri sama da ƙasa. Masu turi da yawa suna ganin wannan aibi ne, sai su nemi kwafin da ya cika allo, alhali cika allon na nufin an datse dama da hagu. Mai wannan shago bai yi haka ba, kuma yaron da ke zaune a kwamfuta ya san amsar da zai ba mai ƙorafi: "Alhaji, haka aka yi shi, in na cika maka allon rabin fim ɗin zai tafi."

Gaskiya ya faɗa, kuma Profondo rosso na 1975 shi ne shaida. David Hemmings ya fito a matsayin makaɗin fiyano ɗan Ingila. Yana tsaye a dandali da dare ya hangi ana kashe wata mata a jikin tagar bene. Ya ruga sama, ya bi ta wata siririyar hanya cikin gidan mai zane-zane rataye a bango dama da hagu, ya iske ta ta cika. Daga baya yake ta gaya wa ƴan sanda cewa kamar an ɗauke zane ɗaya daga bangon. Sauran fim ɗin duka neman abin da idonsa ya gani ne ya kasa riƙewa. Dabarar Argento ita ce bai yi maguɗi ba: abin yana nan cikin hoton, a gefe, na ɗan ƙiftawar ido, kuma kai mai kallo ka gan shi tare da makaɗin. In ka gama fim ɗin ka dawo baya ka tsayar da hoton, za ka same shi. A kwafin da aka datse gefe, ko wanda aka matse har fuskoki suka narke, wannan amana tsakanin darakta da mai kallo ta rushe. Irin wannan dabara ya fara gwadawa a fim ɗinsa na farko, L'uccello dalle piume di cristallo na 1970, inda wani marubuci ɗan Amurka ya maƙale tsakanin ƙofofin gilashi biyu na ɗakin nuna zane, yana kallon ana kokawa da wuƙa a ciki, ba ya iya shiga ba ya iya fita. Vittorio Storaro ne ya ɗauki hoton, Ennio Morricone ya yi kiɗan. Duka biyun suna shagon da cikakken faɗinsu.

Kowane fim iri biyu ake sayar da shi. Ƙarami, mega 300 zuwa 400, dala goma. Babba, giga ɗaya da rabi zuwa biyu, dala ashirin. Yaron zai tambaye ka, "Malam, ƙarami ko babba?" Ga finafinan magana ƙarami ya wadatar a salula. Ga wannan dosiye, babba kawai. Matse fim yana cin abu biyu kafin komai: duhu da jan launi. A duhu, manhajar da ke matsewa tana ɗaukar cewa ba komai a wurin, sai ta share ƙananan bambance-bambance, inuwar da makashi ke laɓe a ciki ta koma dabbare-dabbaren murabba'ai. Ja kuwa matsalarsa ita ce fayil ɗin bidiyo yana ajiye bayanin launi da rabin ƙarfin da yake ajiye bayanin haske, ta tsaye da ta kwance. Kore da fari ba su cika nuna wannan ba, amma ja mai ƙarfi a kan baƙi nan da nan gefensa ke tsattsagewa, ya yi kamar atamfar da ta zuba a wanki.

Suspiria na Argento, 1977, shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya. Labarinsa a jimla ɗaya ne: yarinya ƴar Amurka, wadda Jessica Harper ta fito a matsayinta, ta je makarantar rawa a Jamus, ashe gidan mayu ne. Sauran duka launi ne da kiɗa. Luciano Tovoli ya haska fuskokin ƴan wasa da manyan fitilu ta cikin yadudduka masu launi, aka kuma wanke fim ɗin a Roma da tsohuwar hanyar Technicolor ta rini uku, yana cikin na ƙarshe da aka yi wa haka. Hatta mariƙan ƙofofi an ɗaga su sama don manyan ƴan mata su riƙa miƙa hannu kamar ƙananan yara. Kafin ka biya, ka ce a buɗe maka mintuna goma sha biyar na farko: fitowa daga filin jirgi, tasi cikin ruwan sama da fitilun titi suna wanke fuskar yarinyar da ja da kore, sannan jan ginin makarantar. A babban kwafin shagon bangon sumul yake, ɗigon ruwa ana ganinsa ɗaya-ɗaya. A ƙaramin, bangon yana motsi da kansa. Dala goman da ka rage ta cinye maka fim ɗin gaba ɗaya.

Batun murya yana buƙatar bayani, domin a nan ne masu saye suka fi dawowa da faɗa ba bisa haƙƙi ba. A wancan zamani masu fim na Italiya ba su cika ɗaukar murya a wurin aiki ba. Ɗan wasa Ba'amurke ya yi Turancinsa, Ba'italiye ya yi Italiyancinsa, Bajamushe ya yi Jamusancinsa, daga baya a ɗora murya a ɗakin sauti. Saboda haka ko wane harshe ka zaɓa, akwai wanda leɓensa ba zai dace da maganarsa ba. Wannan ba lalacewar turi ba ce. Lalacewa ita ce in ƙarar rufe ƙofa ko takun ƙafa sun zo bayan an ga abin ya faru. To nan sauti ya zame, kuma a manhajar kallon bidiyo ta VLC a kwamfuta maɓallan J da K suna matsar da shi gaba ko baya da kaɗan-kaɗan. Manyan kwafin shagon fayiloli ne samfurin MKV, yawancinsu da layin murya biyu, Italiyanci da Faransanci, wasu da Turanci. Ga mutanen nan Faransancin ya fi sauƙi, kuma Faransawa sun iya ɗora murya. Abu ɗaya: Profondo rosso cikakke minti 126 ne, wanda aka fitar waje kuwa kusan 105. Wuraren da aka cire ba a yi musu muryar Turanci ba, don haka a cikakken kwafi mai Turanci za ka ji zance ya juye Italiyanci na ɗan lokaci ya dawo. Haka yake a ko'ina.

Wani abin da ke faruwa shi ne hoto ya fito, sauti shiru. Yawanci tsarin sautin AC3 ne ko DTS, waɗanda ƙananan telebijin da wasu manhajojin salula ba sa karantawa. VLC na karanta su. In a tele za ka kalla ta hanyar kile, ka faɗa tun a shago a ba ka mai tsarin sauti AAC, kuma tsarin hoton ya zama H.264, domin H.265 tsofaffin tele ba su san shi ba. Mai shagon yana juya fayil in an nema, sai dai ka bar kilen ka dawo, don aikin na cin lokaci.

Ba a yi wa ko ɗaya daga cikinsu fassarar baki irin ta Indiya-Hausa ba, kuma muna roƙon kada a fara. Mai fassara ba ya jure shiru, sai ya cika shi da barkwanci, alhali a nan shirun da kiɗan su ne fim ɗin. Ƙungiyar Goblin, su Claudio Simonetti, ta yi wa Suspiria kiɗa da ƙararrawa da ganguna da muryoyi masu raɗa da numfashi a ƙarƙashi. Raɗar nan sifikar salula ba ta fitar da ita. A sa abin kunne mai waya, ko sifika mai ɗan nauyin sauti. Ta bulutut tana iya jinkirta sauti da ɗan abin da zai ɓata lokacin firgita.

Wanda ya ɗauka duk dosiyen yanka da jini ne, akwai guda uku da za su canza masa ra'ayi, kuma su ne muka fi so a gani a garin nan. Na farko Non si sevizia un paperino na Lucio Fulci, 1972. A wani ƙauye na kudancin Italiya ana kashe yara maza. Mutanen gari suka ɗora wa wata mata mai zaman kaɗaici a bayan gari, wadda kowa ke kira mayya. Ƴan sanda suka bincika suka ga ba ita ba ce, suka sake ta. Maza suka tare ta a maƙabarta suka yi mata dukan sarƙa, rediyon mota na ta waƙa. Ta ja jiki har bakin babban titi, motocin masu tafiya hutu suna wucewa ba wanda ya tsaya. Duk wanda ya san yadda kalmar maita ke liƙe wa tsohuwa marar gata a ƙauyukanmu, da yadda jita-jita ke zama hukunci kafin hantsi, ba ya buƙatar a yi masa sharhi. Fulci ya fi suna da finafinan gawawwaki masu tashi da ya yi daga 1979, amma wannan shi ne mafi nauyin aikinsa.

Na biyu Indagine su un cittadino al di sopra di ogni sospetto na Elio Petri, 1970, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin harshen waje. Gian Maria Volonté ya fito a matsayin shugaban sashen binciken kisa da ya kashe farkarsa, ya bar shaidu da gangan, don ya tabbatar wa kansa cewa ba yaronsa ko ɗaya da zai iya nuna shi da yatsa. Jini kaɗan ne a ciki. Tsoron yana cikin ganin ma'aikata suna kau da kai daga abin da ke gabansu. Na uku La casa dalle finestre che ridono na Pupi Avati, 1976: mai gyaran tsoffin zane ya je wani ƙauye cikin fadamun arewacin Italiya don gyara zanen bangon majami'a, mutanen gari suna ta yi masa fara'a suna ɓoye abin da suka sani. A hankali yake tafiya, da rana tsaka, sai mintunan ƙarshe.

Yanzu aibobin shagon, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko sunaye. Kowane fim na da suna uku ko fiye, kuma dosiyen a cakuɗe yake. Profondo rosso shi ne Les Frissons de l'angoisse, shi ne Deep Red; yana ciki sau biyu da suna daban, mutum na iya biya sau biyu. Non si sevizia un paperino an ajiye shi da sunan Faransa, La Longue Nuit de l'exorcisme, sunan da ke sa a zaci fim ɗin cire aljanu ne. Zombi 2 na Fulci kuwa masu saye na ta neman kashi na ɗaya. Babu shi a hannun Fulci: fim ɗin George Romero na Amurka na 1978 ne aka saka wa suna Zombi a Italiya, masu kuɗi suka laƙa wa nasu lamba 2 don su ci kasuwarsa. Suspiria ma biyu ne. Akwai sabon da Luca Guadagnino ya yi a 2018, mai sa'a biyu da rabi, launinsa a dushe. Na 1977 bai kai minti ɗari ba. A duba shekara da tsawo, kada a tsaya ga suna. Phenomena na 1985 da ke shagon shi ne guntun Amurka mai kusan minti 83, alhali na Italiya 116 ne. Wannan a bar shi sai an sauya.

Na biyu rubutun fassara na ƙasan allo. Wasu fayilolin rubutun, waɗanda ake kira SRT, ba na kwafin da aka haɗa su da shi ba ne. Faifan Turai yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa, na sinima 24, bambancin kusan kashi 4 cikin ɗari. In aka haɗa rubutun wannan da hoton wancan, farko za su tafi tare, bayan minti goma rubutu ya zame da kusan daƙiƙa 25, kuma ratar ƙaruwa take yi. Maɓallin jinkiri ba ya gyara wannan, sai an samo rubutun da ya dace. Don haka gwaji a farkon fim bai isa ba. A tsallaka zuwa bayan sa'a guda a ga ko rubutu na bin baki. Wannan bambancin gudu shi ne kuma ke sa fim mai minti 126 ya nuna 121 ba tare da an yanke komai ba. Fayil ɗin SRT dole sunansa ya zama daidai da na fim ɗin harafi da harafi, kuma su zauna wuri ɗaya, in ba haka ba tele ba za ta gan shi ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damun mu. Babu wata alama a kan kowane fim da ke nuna abin da ke cikinsa, kuma yara ƴan makaranta suna shiga shagon da memwar a hannu. Waɗannan finafinai na manya ne, ba ɗaya da za a kunna a tsakar gida. Da yawansu akwai tsiraici, musamman na darakta Sergio Martino, har da na Fulci da muka yaba. Kuma gaskiya ce mata ne aka fi kashewa a cikinsu, kyamara kuma takan daɗe a kan wahalarsu fiye da yadda labari ke buƙata. Masu sukar giallo a kan wannan ba su yi ƙarya ba. Ya kamata mai shagon ya raba dosiyen biyu, ya rubuta gargaɗi a gaban suna, ya kuma hana yaronsa tura wa wanda bai mallaki hankalinsa ba. Cannibal Holocaust na Ruggero Deodato, 1980, shi kam a goge shi: dabbobin da aka kashe a ciki da gaske aka kashe su a gaban kyamara, kuma ba wata gwaninta da ke wanke wannan.

Ka zo da kilenka ko memwar da ka yarda da ita. Mai giga 16 abin da take ɗauka a zahiri bai kai 15 ba, wato manyan finafinai bakwai ko takwas. Memwar ta jabu mai rubutun 32 alhali cikinta 8 ne tana karɓar turi kamar lafiya, sai ka je gida na ƙarshe su ƙi buɗewa, a zagi mai shago a banza. Kile mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4, amma kayan shagon ba su kai nan ba. Kile mai araha na cin minti biyar zuwa bakwai kan kowane babban fim, kada a fizge shi kafin kwamfuta ta sallame shi. A gida, a shiga saitin hoton tele a fitar da ita daga Dynamique zuwa Cinéma, a kashe abin da ke santsa motsi, a mayar da girman hoto kan Original don kada rimot ya miƙe fuskoki. A kashe fitilar ɗaki, a fara bayan isha'i da batir ko sola a cike, domin Profondo rosso ba ya son a katse shi a tsakiya. Wanda zai sayi uku kawai ya ɗauki Sei donne per l'assassino, sai Profondo rosso, sai na Petri, ya bar Suspiria har ranar da ya samu sifika mai kyau.